Tela Ya Ɗinke Taswira

Da da baki ake tuƙa keke, da tuni Tela ya zagaye duniya sau uku ya dawo ya tarar da shayinsa bai huce ba. Shagonsa na tsakiyar layi, tsakanin na Mai Aski da na Mai Kemis, ƙofarsa tana kallon rumfar Mai Faci, kuma duk wanda ya kawo ɗinkin wando sai ya tafi da labarin tseren keke kyauta. Shi ya raɗa wa kansa suna Guguwa. Mutanen layi suka karɓi sunan hannu bibbiyu, don sun lura duk inda ya wuce sai ya bar hayaniya da tarkace.

Su tara ne a layin suke fita da kekuna kowace Asabar da safe, su je gada su dawo. Tela kullum shi ne na ƙarshe, kuma kullum da dalilinsa. Yau iska ce ta zaɓe shi ta bar sauran, wani satin kuma ya rage gudu ne da gangan don ya ga ko an bar wani a baya.

"Wa za a bari a bayanka, Guguwa?" in ji Mai Aski. "Ai ko inuwarka gaba take yi ta jira ka a gada."

Jagoran tafiyar shi ne Mai Faci, yayan matar Tela, mutumin da maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Shekara goma sha ɗaya usur ɗin ƙarfe na rataye a wuyansa. Dokokinsu ba su da yawa. Mai usur ba a yi masa gardama a kan hanya, kuma ba a wuce shi. Wanda ya fita a kan feda ya dawo cikin mota, za a kwance sirdin kekensa a rataye a ƙusar da ke bakin rumfar faci har shekara ta zagayo. Sannan sau ɗaya a shekara ana yin doguwar tafiya, kuma duk wanda ya tsara hanyar ya dawo da kowa gida a kan ƙafarsa, usur ya zama nasa.

Usur ɗin nan shi ne ya tsaya wa Tela a rai. Yana sonsa so na haƙiƙa, irin son da ke hana mutum jin daɗin abinci. Har igiyar ratayawa ya riga ya ɗinka, ja da ruwan ɗorawa, ya ɓoye a aljihun tebur ƙarƙashin maɓallai.

Da lokacin doguwar tafiya ya matso, sai ya tsallaka titi da tef ɗin awo a wuya, ya tarar da jama'a a benci.

"Yaya, bana ni zan tsara hanya."

Mai Faci bai ɗago daga tayar da yake tsomawa cikin ruwa ba. "Kai?"

"Ni. Shekara talatin ƙafar nan tana taka keken ɗinki daga safe har yamma. In aka haɗa takun nan a miƙe, da na wuce teku."

"Da ka wuce teku kana zaune wuri ɗaya," in ji Mai Aski.

Mai Kemis, mai ƙaton ciki da ƙaramar zuciya, ya gyara tabarau. "Ni dai kada a kai ni inda ake hawa. Likita ya ce zuciyata ba ta son mamaki."

"Hanyar da zan zana maka, ko ƙwai ka ajiye a kai ba zai gangara ba," in ji Tela. "Garin nan mai dogon tankin ruwa za mu je mu dawo. Kafin azahar kana shagonka kana ƙirga ƙwayoyi."

Mai Faci ya goge hannu, ya shiga cikin rumfa, ya fito da taswira falle biyu da suka sha ninki. "Garinmu yana wannan fallen, garin tanki yana wancan. Ka haɗa su baki da baki, ka bi jan layi." Ya cire usur ya miƙa masa. "Aro ne. Sai ka dawo da mu ya zama naka."

"Kuma a tuna da doka," in ji Tela yana zura igiyarsa ja da ruwan ɗorawa, wadda ta fito daga aljihu da sauri har ta ba kowa kunya. "Mai usur ba a yi masa gardama. Har da kai, Yaya."

"Har da ni," in ji Mai Faci.

Da la'asar Tela ya share teburin yanka ya shimfiɗa taswirar. Abu na farko da ya ɓata masa rai shi ne yamutsewa, don haka ya ɗora mata dutsen guga har ta kwanta lub. Na biyu gefuna ne, cike da ƙananan rubutu da lambobi da 'yan akwatuna. Kowane tela ya san ba a aiki da gefen yadi, sai ya sa almakashi ya zubar da su a kwandon ƙyalle.

Uwargidansa, wadda ke zaune a bakin ƙofa tana dasa maɓallai a rigar wani, ta ɗago. "Baban yara, wannan rubutun da ka yanke fa?"

"Sunan kamfani ne. Talla suke yi a kan kayan mutane."

"Yaya ya ce baki da baki."

"Yayanki mai faci ne. Shi liƙi ya sani, ni haɗi na sani. An taɓa haɗa ƙyalle biyu baki da baki ba a bar abin da ɗinki zai ci ba? Iska ɗaya ta buga, ya rabu."

Ya ɗauki alli ya ja layi, inci guda daga bakin wannan falle, inci guda daga bakin wancan. A daidai wurin akwai wasu zobba ruwan ƙasa, wani cikin wani, sun cunkushe kamar zanen yatsa. Tela ya yi murna da ɗinki zai rufe su, don a ganinsa sun lalata tsaftar aikin. Da ya kifa fallen biyu ya ga jan layin wannan bai haɗu da na wancan ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauka. Wannan ba matsala ba ce ga wanda ya saba haɗa yadi mai ratsi. Ya ja fallen dama sama kaɗan har ratsi ya sumbaci ratsi, ya kafa allurai, ya taka keke. Ya maimaita ɗinkin sau biyu, ya kwantar da rarar ta baya, ya ɗinke ta, ya bi da guga.

Hanya ta fito miƙe sambal, ba lanƙwasa ba reshe.

Sai awo. Daga gari zuwa gada inci biyu ne, kuma rabin awa suke yi. Zuwa garin tanki inci goma, ke nan awa biyu da rabi, zuwa da dawowa biyar. "Shida za mu tashi, sha ɗaya muna gida. Ki ce wa mutanen layi sha biyu, saboda masu nauyin jiki. A fito da kujeru, a sa lemo a ƙanƙara."

"Ba za ka bari ku dawo ba tukuna?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya."

Kwana huɗu ya rufe karɓar aiki. Ya ɗinka wa kowa jar riga, kuma da yake ba ya sakin aiki tsirara, sai ya yi wa kowace shafi mai kauri da aiki a wuya. Ya ji ana cewa 'yan tsere na sa wando mai laushi a mazauni, sai ya farke matasan kai guda uku ya cusa audugar a wanduna tara. Ya yanka farin yadi kamu shida ya rubuta BARKA DA DAWOWA GUGUWA da jan ƙyalle. Ranar Juma'a da yamma ya juya ga kekensa. Birki yana ƙara in an matsa, kuma a shagon tela duk abin da ya yi ƙara mai ake ba shi. Ya ɗauko 'yar butar man keken ɗinki ya shayar da robar birkin gaba da ta baya har suka yi shiru.

Asabar da sassafe suka tashi, su tara jajaye, kowa mazauninsa ya yi tudu. Tela ya busa usur sau uku a layin da ba kowa sai kare. Gaskiya a faɗe ta, awa biyun farko sun yi daɗi. Fili ne shimfiɗe iya ganin ido, gonaki hagu da dama, titi lafiyayye, iska tana tura su ta baya. Suka wuce gada, suka wuce wani ɗan gari mai shago uku da famfo ɗaya, suka wuce wani mai makaranta da injin niƙa. Tela yana gaba, don doka ta hana a wuce mai usur, kowa yana ta matsa birki kada ya hau shi.

"Kun ga aikin awo?" ya waiwayo yana ihu. "Mai Kemis, ina zuciya?"

"Tana nan lafiya, Guguwa. Rigar ce dai ta fara dafa ni."

"Shafi ne. Gobe za ka gode mini."

Sai hanya ta rabu biyu.

Ɗaya ta miƙe ta nufi wasu tuddai da suka yi layi suna jira, ɗaya ta karkata dama ta bi gefen rafi cikin fili. Tela ya taka ƙasa ya zaro taswira. Yatsansa ya bi jan layi har ya hau kan ɗinki ya sauka. Babu reshe.

A gindin bishiya wata tsohuwa na sayar da ayaba. Mai Kemis ya yi mata sallama. "Iya, ina hanyar garin tanki?"

"Ku bi dama, ɗana. Rafi zai raka ku har ƙofa."

"Miƙaƙƙiyar fa?" in ji Tela.

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi wandonsa, ta dubi kekensa. "Waccan ko jaki sai an lallashe shi."

"Iya, kin taɓa karanta taswira?"

"A'a. Nan dai aka haife ni."

"To kun ji," in ji Tela ga jama'arsa. "Takarda ta ce a miƙe, wadda ba ta karatu ta ce a karkata. Wannan ta daman sabuwa ce, bayan an buga taswira aka yi ta."

"Kakana ne ya dasa bishiyoyin bakinta," in ji tsohuwa.

Kowa ya juya ya kalli Mai Faci. Shi kuwa ya san hanyar kamar tafin hannunsa, amma sai ya ɓare ayaba ya ci, ya ninke ɓawon, ya ce, "Mai usur ba a yi masa gardama." Tela ya busa, suka miƙe.

Tudun farko ya karɓe su da mutunci. Na biyu bai san mutunci ba. Tela ya tashi tsaye a kan feda, ya zauna, ya sake tashi, keke yana tafiyar maciji daga wannan gefen titi zuwa wancan, sauran takwas suna bin sa a jere kamar masu rakiyar mara lafiya.

"Guguwa, wannan da muke hawa mene ne?" in ji Mai Aski.

"Ba tudu ba ne."

"To mene ne?"

"Ba ya cikin taswira. Abin da ba ya cikin taswira ɗan kumburin titi ne."

"Allah ya sa kada kumburin nan ya yi ƙane."

Yana da ƙanne. Daga kan na biyu suka hango na uku, daga kan na uku suka hango na huɗu yana leƙen kafaɗar ɗan'uwansa. Tsakaninsu 'yar gangara ce kaɗan, wadda kafin mutum ya ce alhamdu lillahi ta ƙare. Rana ta hau. Shafi ya riƙe zafi, zufa ta sauko ta tarar da audugar matashi, auduga ta sha ta ƙoshi ta fara kumbura. Wandon Mai Kemis ya yi nauyin da duk ya tashi daga sirdi sai ya ji ana jan sa baya. Jan yadin ma ashe zuba yake yi. Wuyan kowa ya koma ja, hannu ya koma ja, Mai Kemis ya dubi ƙirjinsa ya saki salati.

"Jini! Zuciyar ta fashe!"

"Rini ne," in ji Mai Faci.

"Yadi mai kyau ne yake zuba," in ji Tela yana haki. "Na banza ba shi da abin zubarwa."

A tudu na huɗu Tela ya sauka ya fara tura keke, ya ce yana duba lafiyar titin ne don masu zuwa baya. Doka ta hana a wuce shi, don haka mutum takwas suka sauka su ma. Wani manomi da ke kan hanyar gona da fartanya a kafaɗa ya wuce su a ƙafa, ya yi musu sannu, ya tambaya ko kekunan na sayarwa ne.

Sha biyu ta yi musu a kan tudu na biyar. Can ƙasa, a ƙarshen wata doguwar gangara, ga wani ɗan gari kwance, da rumfunan kasuwa a bakin titi da kududdufi a bayansu. Babu tanki ko na shan kaji, amma Tela ya ga gangara, ransa ya dawo.

"Yanzu za ku ga dalilin sunan," ya ce. Ya sa usur a baki ya saki keke.

Wannan karon bai yi ƙarya ba. Tunda aka kafa ƙungiyar ba a taɓa ganin gudu irin wannan ba. Rigar ta cika da iska, hular kwano ta koma ƙeya. A tsakiyar gangara ya ga ya isa haka, ya matsa birkin baya. Birki ya yi shiru kamar yadda aka koya masa. Ya matsa na gaba, shi ma ya nuna tarbiyya. Tela ya so ya yi ihu, amma usur na bakinsa, sai ihun ya fita ta cikinsa, fiit, fiit, fiiit, har mutanen kasuwa suka zaci hukuma ce ta zo kama masu kasa kaya a titi. Mai tumatir ya kwashi tire, mai kwanuka ya kwashi abin da ya iya, wata mata ta ɗauki ɗan wata ta ruga. Jan abu ya ratsa tsakiyarsu, ya tafi da igiyar shanya da zannuwa biyu, ya tsallake 'yar kwalbati, ya daki bakin kududdufi. Keke ya tsaya nan. Tela ya ci gaba.

Agwagi ne suka fara ba da labari.

Kafin sauran takwas su sauko a hankali da birkinsu mai ƙara, rabin garin ya kewaye kududdufin. Tela na zaune a tsakiya, ruwa iya ƙugu, kewaye da shi ruwan ya koma ja, audugar wando ta sha har ta kusa ɗaga shi. Babu abin da ya karye a jikinsa. Taswira ma ta tsira, don a leda ya sa ta.

"Bawan Allah, daga ina?" in ji wani dattijo.

"Gwaji nake yi," in ji Tela. "A manyan tsere haka ake sanyaya jiki."

"Zanina ma gwajin yake yi?" in ji mai shanya.

Mai Faci ya ɗaga keken. Tayar gaba ta naɗe ta koma kamar kunnen kwano. Ya shafa robar birki da yatsa, ya sansana, ya dubi mijin ƙanwarsa. Sannan ya ce, "Wannan ba ta gyaruwa a nan. Daga garin nan akwai hanyar da ke sauka ta haɗu da ta rafi, fili ne har gida. Hau bayana in goya ka. Goyo ba mota ba ne, sirdinka ya tsira."

Nan fa girman kai ya shaƙe Tela. A ce Guguwa ya shiga layi a goye, ƙarƙashin tutar da ya ɗinka da hannunsa? Ya fito daga ruwa yana ɗiga, ya ɗaga usur. "Ku yi gaba. Zan miƙe tayar in iso ku."

"Da me za ka miƙe ta, da dutsen guga?" in ji Mai Aski.

"Mai usur ya yi magana."

Mai Faci ya ɗaga kafaɗa, suka hau suka tafi.

Suna ɓacewa Tela ya nufi wata motar a-kori-kura da ake loda wa kejin kaji a bakin kasuwa. Direban, wani mai fara'a da hula a karkace, ya ce ai garinsu Tela zai kai kajin, ya hau baya in zai iya da wari. Tela ya ce shi da ya yi tsere a ƙasashe, wari ba ya ba shi tsoro. Sharaɗinsa ɗaya ne, a sauke shi kafin kwanar layinsu. Suka cusa keken tsakanin keji, shi ma ya cusa kansa. Bayan 'yar tafiya ya hango jajayen riguna takwas a gaba, sai ya kwanta rub da ciki ya ja tamfol ya rufa, kaji suna tsattsagar sa ta ramukan keji har aka wuce su.

Ƙarfe uku saura ya sauka a bayan kwana. Ya karkaɗe jiki iya iyawa, ya saɓa keke a kafaɗa, ya shigo layi da tafiyar wanda ya ci yaƙi. Mutanen da suka taru tun sha biyu sun ragu, ƙanƙara ta zama ruwa, tuta ta saki gefe ɗaya, amma da aka hango shi sai layi ya sake cika. Aka yi tafi. Wani ya kawo kujera.

"Ina Yaya?" in ji uwargida.

"Suna baya. Na yi ta jiransu har na gaji."

"Tayar fa?"

"Gudu ne ya narkar da ita a kwanar ƙarshe. Ƙarfen yanzu ba ya ɗaukar ƙafata."

Goggon yara, wadda idonta ya raunana amma hancinta na nan garau, ta matso ta shaƙa. "Wannan tseren naku a gidan kaji ake yin sa?"

"Iskar ƙauye ce, Goggo."

"Iskar ƙauye har da gashi?" Ta cire wani farin gashin kaza daga aikin wuyan rigarsa.

"In kana gudu sosai tsuntsaye ba sa samun lokacin kaucewa."

Fiye da awa guda yana kan kujera yana ba da labari. Tuddai biyar suka zama tara, suka zama goma sha biyu. Yana cikin hawan na goma sha uku sai ga mutum takwas sun shigo layi a kan feda, jajaye har kunne, wanduna na lilo a bayansu. Mai Kemis ya sauka ya rungumi sandar wutar lantarki. Mai Faci ya jingine kekensa, ya dubi Tela, ya dubi naɗaɗɗiyar taya.

"Ta ina ka wuce mu?"

"Yanke na yi, Yaya. Sirrin masu taswira ne."

"Da wannan tayar?"

"Da ita. Kowa ya dawo a kan ƙafarsa, ko ba haka ba? To a shaida, usur ya zama nawa."

"A shaida," in ji Mai Faci. "Busa mu ji."

Tela ya kai hannu ƙirji. Ya shafa hagu, ya shafa dama, ya leƙa cikin shafi. Wuyansa babu komai sai rini.

Sai aka ji fiit, fiit daga bakin kwana. Motar a-kori-kura ta shigo layi da kejinta babu kaji, ta tsaya daidai ƙarƙashin tuta. Direba ya leƙo da usur a baki, igiya ja da ruwan ɗorawa tana reto.

"Yauwa, ga mutumin! Maigida, sai da na sauke kaji na gan shi a ƙarƙashin tamfol, inda ka kwanta lokacin da muke wuce abokanka. Na ce abu mai igiya mai kyau haka, mai shi zai neme shi." Ya ɗaga kai ya karanta tutar. "Kai ne Guguwa? Ai da ka faɗa mini da na sa ka a gaba."

Dariyar da layin ya yi, har masu shago a titin baya suka fito. Mai Aski ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Tela ya ji kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa, amma bakinsa bai san an sha kaye ba. Ya zaro taswira daga leda ya ɗaga sama.

"Laifin wannan ne! Taswirar Yaya ce ta yi ƙarya! Ku duba, ina tudu a nan? Ina hanya ta rabu? Duk wanda ya ga tudu ya nuna mini!"

Aka matso aka duba. Jan layi miƙe sambal, babu tudu babu reshe. Har wasu sun fara gyaɗa kai.

Uwargida ta juya. Ta shiga shago ta fito da reza, ta karɓi taswirar daga hannun mijinta, ta shimfiɗa a kan teburin lemo ta kifa ta. Ta fara farke ɗinkin zare ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya ɗauke ta lokaci, don ɗinki ne biyu da kwantarwa, layi ya yi tsit ana jin ƙarar reza. Da ta gama ta buɗe rarar ta baje, ta haɗa fallen biyu baki da baki.

Ga su nan. Zobba ruwan ƙasa guda biyar a jere, da ramukan allura a gefensu. Ga inda jan layi ya rabu, ga na dama ya bi rafi cikin farin fili, ga ɗan kududdufi ma shuɗi kamar ƙwayar ido.

Mai Faci ya ɗora yatsa mai baƙin mai a kan zobban. "Kowane ɗaya tudu ne. Bayaninsu na rubuce a gefe." Ya juya takardar yana neman gefen. "Ina gefen?"

"Yana kwandon ƙyalle, Yaya," in ji uwargida. "Talla ce."

Mai Kemis ya saki sandar lantarki. "Wato duk wahalar nan a cikin ɗinki muka yini?"

"Tun ƙarfe takwas," in ji Mai Aski.

Mai Faci ya karɓi usur daga direba, ya goge shi a riga, ya rataya a wuya da sabuwar igiyar, ya ce igiyar dai ta yi kyau. Sannan ya ciro sifana daga aljihu. Juyi uku sirdin Tela ya fita. Ya tsallaka titi da shi, jama'a na biye, ya rataye a ƙusar da ta shekara shida ba ta ga baƙo ba. Ƙusar kuwa tana kallon ƙofar shagon Tela ne kai tsaye, daidai inda idonsa ke sauka duk lokacin da ya ɗago daga keken ɗinki.

Tela ya tsaya yana kallon sirdinsa yana lilo. Idonsa ya ciko, don da gaske yake son usur ɗin nan. Ya juyo ga jama'a, ya ɗauki guntun zaren da ya rage a kan tebur.

"Amma dai ku faɗi gaskiya. Tudu biyar, zufa, kududdufi, motar kaji, ɗinkin nan ko zare ɗaya bai saki ba."

"Bai saki ba, Baban yara," in ji uwargida tana miƙa masa fallen biyu da rezar. "Ga matasan kai uku can suna jiran mai ɗinki irin wannan, kuma audugarsu na jikinku."